Ranar Da Na Rufe Fili Da Mataccen Hannu

Sunana Isa, amma daga Bici zuwa ƙauyukan da ke arewa da ita, wanda ya san ni da Bahago ya san ni. Mahauci ne ni, ɗan mahauta, kuma na yi dambe tun ina saurayi har hannu ya ƙi. Karatuna na allo ne da 'yan shekaru a firamare, don haka zan rubuta abin nan yadda na san shi, ba ado.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar samarin yanzu, masu kallon dambe a waya. Sun ji cewa ni ban taɓa buɗe fili ba, a ƙarshe nake shiga, sai suka yanke hukunci. Wani ya faɗa mini a bakin teburin nama yana dariya: "Baba Bahago, ashe kai naka damben na hutu ne. Wani ya gajiyar da mutum, kai ka taso da sanyin la'asar ka ture shi." Na yanka masa namansa ya tafi. Ban iya gardama a kasuwa ba. Amsar ce wannan, in ya iya zama ya karanta.

A zamaninmu dambe na kaka ne. In an gama girbi, gari yakan kira ayarin mahauta daga wani gari, a share fili, a fara bayan azahar. Turmi uku ake yi, wato zagaye uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, haka muke cewa, ko da ya miƙe yana dariya. Kyautar da gari ya ajiye ta ɓangaren da ya yi kisan ƙarshe ce, in kuma karawar ƙarshe ta tashi babu kisa, a raba biyu. Uban ayari yana da iko ya ɗauke ɗan wasansa tsakanin turmi da turmi in ya ga zai illata, amma da sharaɗi: sai wani nasa ya shiga ya tari wannan abokin karawar tun daga farko. In babu mai shiga, fili ya tafi. Da ladan ya kira magariba kuma wasa ya tashi a inda yake. Saboda wannan doka kowane ayari yakan ajiye mutum ɗaya a gefe, ba ya karawa da kowa sai abu ya lalace. Shi ne mai rufe fili. Aikina ke nan.

Hagu ce ta kai ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha buge mini hannu da kuben wuƙa don ya ga na riƙe ta da hagu. Wata tsohuwa ta taɓa mayar da nama saboda da wannan hannun na miƙa mata. Wata ranar kasuwa muna kayar da wani bijimi mai taurin kai, na kama ƙaho da dama, na murɗe hancinsa da hagu, ya zube. Baba Ɗanjuma yana tsaye, shi ne uban ayarin damben garinmu, sana'arsa sayen fata. Ya ce wa mahaifina, "Malam Haruna, hannun nan da kake duka, tunda ba ka so, ba ni shi."

Mahaifina ya ce, "Ɗauka, har da mai shi."

Na ɗauka washegari za a sa ni a fili. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban kai wa kowa naushi ba sai buhun yashi da ke rataye a tsamiyar bayan gidan Baba Ɗanjuma. In mun je wasa, zama nake yi kusa da ƙafarsa. Da an raba turmi sai ya juyo.

"Da wace ƙafa ya fara ja da baya?"

In na ce ban lura ba, ya ce, "To me kake kallo? 'Yan mata?"

Shi ya koya mini in kalli ƙafa in bar hannu, domin hannu yana yaudara, ƙafa ce ke faɗin inda mutum zai je. Ya koya mini in kalli numfashi, in san wanda ya gaji da wanda yake nuna ya gaji. Ya koya mini rana. Kowane fili muka sauka, kafin in zauna sai na nemi bishiya ko katanga na auna inuwarta, in san inda za ta kai lokacin da ladan zai hau. Ya kuma kafa mini doka ɗaya da ba a tsallakewa: mai rufe fili ba ya magana, ba ya roƙo, ba ya miƙewa sai uban ayari ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Ko ɗan'uwanka ake yankawa a gabanka, ka zauna.

Kayan aikin ba su da yawa. Warki, da tsumma na tsohon saƙi mai laushi, da zare, da ɗan kitse a gwangwani. Zaren auduga ne, tsofaffi suke kaɗawa, mu murɗe shi har ya yi kaurin ɗan yatsa. Kowa da nasa, an auna shi da hannunsa, ba a aro. Naɗi kuma iri biyu ne. Masu buɗe fili sassauƙa ake yi musu, domin za su daɗe da shi. Nawa na kisa ne. Baba yakan taka bakin zaren da ƙafa, ya ja da ƙarfinsa duka, ya bi dunƙulen zagaye bayan zagaye har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Naushi ɗaya da irin wannan ya isa. Amma jini ba ya wucewa a ƙarƙashinsa. Gwargwadon mutum ya ci tuwo ya wanke hannu, sai yatsu su fara kamar tururuwa na bin su. In aka ƙara jimawa tururuwar ta yi shiru, kuma shirun nan shi ne abin tsoro. Dole a kwance, a murza da kitse, jini ya dawo da zafin da ke sa babba ya ciji leɓe. In aka sake naɗawa a rana ɗaya, hannun ba ya dawowa yadda yake. Wannan ne samarin waya ba su sani ba: naɗawa da kwancewa sun fi cin hannu a kan naushi.

Aikina na farko a wani gari ne yamma da Bici. Abokin karawar maƙeri ne, gajere, mai faɗin ƙirji. Ya yi turmi biyu da namu, Yaya Sale, ya fasa wa Sale gira. Tun azahar nake kallon maƙerin nan, ban ci komai ba, domin ba na cin abinci ranar wasa. Na lura duk lokacin da zai saki hannu sai ya ɗan ɗaga diddigen baya. Baba ya taɓa ni, na shiga. Bai saba da bahago ba, ƙafarmu ta gaba tana karo, ya rasa ta inda abin zai zo. Ya ɗaga diddige, na riga shi. Masu kallo sun ga ƙiftawar ido. Ni na san wuni guda na yi ina wannan naushin.

Ba kullum haka ba. Akwai ranakun da za a naɗa ni, namu ya farfaɗo ya yi kisa, a kwance ni, in koma gida da kumburarren hannu, ba wanda ya san na zo. Akwai ranar da wani dogon Bafillace ya zubar da ni a turmin farko, muka dawo ba dami ko ɗaya, har matan unguwa suka daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci. In na kashe, a ce Sale ne ya gajiyar da shi. In an kashe ni, a ce Bahago ya zubar da fili. Na karɓi wannan tun farko, kuma ban taɓa neman a canja mini wuri ba.

Masu kallo su ne masu cinikinmu, kuma iri-iri ne. Manomi ba ya yawan ihu, amma in ka burge shi da safe za ka ga dami a ƙofar masauki. Mata sukan aiko da fura da goro, su ce a ba wanda aka fasa wa baki, ba wanda ya yi kisa ba. Fataken hatsi na Dawanau su ne masu jefa hula da riga a fili, kuma su ne masu saurin zagi. Akwai kuma mutumin da bai taɓa dunƙule hannu ba, amma shi ne a gaba yana koya maka yadda za ka yi. Irinsa ba ya ƙarewa, yanzu waya ya samu.

Sale da na ambata ɗan yayan mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi, Yaya nake ce masa. Shi ne babbanmu a fili. Mutum ne mai fara'a da surutu, ba ya ja da baya, da kai yake karɓar naushi don ya samu ya ba da nasa. Jama'a suna son irin wannan. Abin da ya tsana a duniya shi ne a ɗauke shi. Duk ranar da Baba ya janye shi ya taɓa ni, in mun yi kiciɓis a bakin fili sai ya ce, "Na dafa maka, Bahago, taso ka ci." In na yi kisa kuma shi ne farkon mai ɗaga ni sama. Mun yi shekaru a haka, shi a gaba, ni a baya.

Sai shekarun fari suka zo. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Gero ya fitar da kai babu ƙwaya, dawa ta bushe a tsaye. Mu ƙasarmu gona a jikin gona take, babu dajin da mutum zai shiga ya nemo abin kai wa baki. Makiyaya suna koro shanu daga arewa, ƙashi da fata, suna roƙo a saya. Dabba ta yi arha a hannun mahauta, amma nama yana wuni a tebur, domin gidan da babu hatsi ba ya aiko yaro sayen nama. Muka koma garin rogo da tafasa, wasu gidajen har dusa. Maza suka watse ci-rani, wasu Kano, wasu kudu. Kaka ta zo babu garin da ya kira dambe. Wa zai kira baƙi ba shi da abin ba su?

A shekara ta biyu ta wannan hali sai saƙo ya zo daga wani gari a bakin ruwan Watari. Su suna noman rani, suna da masara da albasa. Mai garinsu ya ce zai ajiye buhunan masara a bakin fili. A lokacin ayarinmu ya ragu ƙwarai: Baba, da Sale, da wasu mutum biyu, da Audu mai kalangu, da ni. A gidanmu kuwa matan sun fara dafa abinci sau ɗaya, da yamma, don yara su samu barci. Ba wanda ya tambayi wani ko za a je.

Kafin mu tashi Baba ya ce in kawo hannu ya gwada naɗi. Zarena ya saba ƙarewa daidai wuyan hannu. Ran nan ya kai wurin ya yi saura, har Baba ya ƙara zagaye. Ya kalli sauran, ya kalle ni. Naman da zare yake kwanciya a kai ya tafi, yanzu a kan jijiya da ƙashi yake zama.

Mun isa da hantsi. Idona ya manta da kore, sai ga shi shimfiɗe har inda gani ya tsaya. Mutanensu sun karɓe mu da mutunci, suka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Sale ya ci har ya yi gumi. Ni na juya baya ga kwanon, na je na auna inuwar wata giginya da ke yamma da masallaci.

Aka buɗe fili. Mutuminmu na farko tun turmin farko ƙafarsa ke rawa, yunwa ba ta ɓoyuwa a dambe. Baba ya ce, "Kawo hannu." Ya naɗa. Mutumin ya daure har aka raba su babu kisa. Baba ya kwance ya murza. Na biyu ya shiga, shi ma ya fara tangaɗi, Baba ya sake naɗawa. Allah ya ba shi sa'a ya kashe nasa, aka sake kwance ni. A wannan karon da jinin ya dawo, bai kai ƙananan yatsu biyu ba. Na gani, na rufe hannun da tsumma.

Daga nan suka fito da babbansu, Garba, wanda suke kira Mai Albasa. Ƙato ne, jikinsa yana sheƙi irin na wanda yake cin abinci sau uku. Ya zubar da mutuminmu na biyu kamar ya ture buhu. Sale ya miƙe. Baba ya san abin da ke gaba, don haka tun kafin a fara ya sake naɗa ni. Ya ja zaren, na ji shi a ƙashi.

Da Sale ya faɗi da wuri, ko ya yi kisa da wuri, da ba ni da labarin bayarwa. Amma Sale ne. Ya tsaya. Turmin farko ya yi tsawo, bayan an raba makaɗansu suka ja kirari, fatake suka shiga jefa huluna, lokaci yana tafiya. Baba bai isa ya kwance ni ba, domin kowane lokaci ana iya bukatata. Tururuwa ta zo. Ta hau har gwiwar hannu. Ana cikin turmi na biyu ta yi shiru.

A ƙarshen wannan turmin Mai Albasa ya sami Sale a kunnen dama. Ƙarar ta kai har inda nake. Bai faɗi ba. Aka raba, ya dawo ya zauna, jini yana fita daga cikin kunnen, siriri, ba irin na fashewar fata ba. Baba ya ce, "Sale, kana ji na?"

Ya ce, "Ƙalau nake. Saura kaɗan in kashe shi."

Baba ya juyo wurina, ya sa farce ya matse babban yatsana da ke leƙe a bakin naɗi. Na ga ya matse, ban ji ba. Ya kalli fuskata ya gane.

Ya ce a hankali, "Hannun nan ya mutu. Ba zan taɓa ka ba."

Aka buga kiran turmi na uku. Sale ya miƙe, ya gyara warki, ya ɗaga hannu, ya fuskanci Audu mai kalangu, makaɗinmu, ya fara takawa wajensa. Abokin karawarsa yana bayansa. Wasu a cikin jama'a suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake yi. Mu da muke yanka dabba mun san yadda take tafiya in an buge ta a ka. In ya koma ya karɓi wani a wannan kunnen, ba kisan baki za a yi ba.

Ban taɓa magana a bakin fili ba sai ran nan. Na ce, "Baba, dubi inda ya fuskanta."

"Na gani."

"Ɗauke shi."

"In na ɗauke shi wa zai shiga? In babu, masarar nan ta tafi duka. Ka san abin da muka baro a gida."

"Taɓa ni."

"Da wane hannu za ka yi?"

Na ce, "Su sun san ya mutu?"

Baba ya kalli giginya, ni ma na kalla. Inuwar ta wuce bakin rijiya, saura ta kai katangar masallaci. Da nisa, amma ba nisan da ya fi ƙarfin mutum ba. Hannun Baba yana kan gwiwarsa bai motsa ba. Sai na sa damata na kama shi, na ɗora a kafaɗata, na miƙe. Jama'a sun ga hannu a kafaɗa, abin da doka ta nema ke nan. Na san na karya tasa dokar, kuma da za a mayar da ni wurin, haka zan sake yi.

Mutum biyu suka riƙe Sale yana fizga. Da na wuce shi bai yi mini barkwancin da ya saba ba. Zagina ya yi, har da uwa, wadda shi ma innarsa ce.

Audu ya fahimci abin da ake ciki ba tare da an gaya masa ba. Ya ja kirarina, ya maimaita, ya ƙaro kakannina da ni ban san su ba. Na zagaya fili a hankali, na gyara warki, na nemi ruwa na kurkure baki. Alƙalin wasa ya ce, "Bahago, dambe ka zo ko biki?" Na shiga.

Na tsaya yadda na saba, dama a gaba a buɗe, hagu a baya a ɗage. Ɗaga ta kawai aiki ne, kamar an ɗaura mini dutse. Mai Albasa ya ji labarin hagun nan, idonsa yana kanta. In ya matso sai in motsa kafaɗa, ya ja da baya. Muka yi ta zagaye. Jama'a suka fara gunaguni, alƙali ya gaji ya raba. Turmi ɗaya ya tafi ba a taɓa juna ba.

A na biyu ya kawo wani wawan naushi ya wuce, santsin ƙasa ya ɗauke shi, haɓarsa ta zo gabana a buɗe. Duk wanda ke filin ya gani. Ko yaro zai kashe shi a wurin. Na aika wa hannun, bai je ba. Mai Albasa ya dawo da tsayuwarsa, ya kalli hagun, ya kalle ni, sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Ashe gawa ka ɗauko."

Na ce, "Matso ka yi mata salla."

Ya matso. Daga nan har ƙarshe duka ne, ba dambe ba. Na tare da dama har ta daina ɗaguwa sosai, na tare da kafaɗa, na ba shi haƙarƙari don in ɓoye kai. In ya yi yawa in rungume shi, alƙali ya raba, in koma. Abu ɗaya na riƙe: gwiwa ba ta sauka, hannu ba ya sauka. Jama'a suna ta magana, ina jin su sarai.

"Bahago, ko hannun na aro ne?"

"Ya bar shi a gida, ya zo da hotonsa."

"Ku ba shi tuwo, yunwa ce."

Wannan na ƙarshen gaskiya ya faɗa. Tsakanin turmi ban zauna ba, domin na san in na zauna ba zan tashi ba. Baba ya zuba mini ruwa a ka. A turmi na uku na daina ganin giginya, ido ɗaya ya rufe. Ina jin haƙarƙari yana motsi inda bai kamata ba. Na sa kaina a ƙirjinsa na riƙe, ya ture ni, na sake riƙewa. Ina cikin haka na ji muryar ladan. Tsoho ne, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma alƙali ya ji, ya shiga tsakani.

Ba a tafa mini ba. Ɓawon albasa aka jefe ni da shi, da ƙasa. Har yau a garin nan in ana labarin ragon ɗan dambe, ana cewa bahagon da ya yi turmi uku bai kai naushi ko ɗaya ba. Gaskiya ne, ban kai ba. Wanda ya ga abin da sauƙi, ya sa a ɗaure masa hannu har ya daina jin sa, ya yi kaka biyu yana cin garin rogo, sannan ya tsaya a gaban ƙato har rana ta faɗi. In ya dawo sai mu yi maganar hutu.

Zaren bai kwantu ba, ya nutse cikin kumburi. Baba ya zaro wuƙa ya yanka shi, abin da ba a yi wa zaren ɗan dambe sai ya gama dambe. Yatsun sun yi fari kamar toka. Muna nan sai ga Mai Albasa ya zo ya tsuguna, ya kalli hannun.

Ya ce, "Malam, me ya hana ka faɗuwa? Da ka sa gwiwa tun farko, da ba ka sha wannan ba."

Na ce, "Ba faɗuwa aka aiko ni ba."

Sai ya karɓi gwangwanin kitse daga hannun Baba ya murza mini da kansa. Uku daga cikin yatsun sun dawo. Ƙananan biyu suka lanƙwashe, haka suke har yau. Ban sake shiga fili ba. Mai gari ya raba masarar biyu kamar yadda doka ta ce, kuma rabon da ya zo gidanmu shi ya kai yara har saukar ruwa.

Da safe muka sami motar albasa mai zuwa Bici, muka hau saman kaya. Sale yana gefena, an toshe masa kunne da auduga. Ya dawo hayyacinsa, amma bai tuna ya fuskanci Audu ba, kuma da aka gaya masa ya ce ƙarya ne. Mun yi nisa bai kalle ni ba. Can ya ce, "Rabi. Ka ja mana rabi. Da ka bar ni da na kashe shi, mu kwashe duka."

Na dafe haƙarƙarina, na kalli hanya.

Kunnen bai sake ji ba. Shi ma ya bar dambe, ya koma fawa sosai, ya yi kiwon tumaki, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki, ya je Makka. Teburinsa yana jikin nawa a kasuwa, kullum ta ɓangaren hagunsa nake zama don ya ji ni. Bai taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban taɓa jira ba. Duk lokacin da aka yi zancen Watari, a gaban kowa, sai ya nuna ni da wuƙa ya ce, "Wannan ne ya ja mana rabi."

Da daminar bana ya kwanta. Ranar da jikin ya yi nauyi na je na zauna ta hagunsa. 'Ya'yansa suna tsaye, ana ta addu'a. Ya buɗe ido ya gan ni, ya yi alama in matso. Na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Bahago, da ka bar ni da na kashe shi."

Na ce, "Da ka kashe shi, Yaya."

Ya ce, "To." Ya rufe ido. Kafin la'asar ya cika, a kan gadonsa, da furfura a kansa. Allah ya jiƙansa.